Goge Ta Tas

'Yan uwa masu karatu, yau ba don ku tausaya min na zauna rubutu ba. Wanda ya ga dama ya zage ni a ƙasan wannan rubutun, na cancanta. Tun ɗazu nake buɗe waya in fara, sai in rufe, saboda abin da zan faɗa ba wani ne ya yi min shi ba. Ni na yi shi da yatsana, da kalma uku kacal.

Bari in fara gabatar muku da Kaka, don wanda bai san ta ba ba zai gane girman ɓarnar da na yi ba. Kaka ba mutum ba ce, kwamfutar Abbanmu ce. Ina aji ɗaya a firamare aka shigo da ita gidanmu, lokacin Abba yana da shagon buga wa mutane takardu. Ya sha ba mu labarin yadda maƙwabta suka riƙa shigowa kallonta, don a duk layin babu mai irinta. Yanzu farin jikinta ya koma rawaya, allonta mai ƙaton ƙeya ya cinye rabin teburin falo, kuma in ka kunna ta kana iya zuwa ka yi wanka ka shafa mai ka dawo ba ta gama farkawa ba. Fankar cikinta gurnani take kamar tsoho mai mura. Yayata ce ta laƙaba mata sunan, ya kuma bi ta.

Abba ya rufe shagon tuntuni, amma bai rabu da Kaka ba, kuma duk gidan mun san dalili. Shekara huɗu da suka wuce Umma ta faɗi a ƙofar kicin, ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ta tafi. Tana ji, tana ganewa, tana harara in an yi ba daidai ba, amma ko kalma ɗaya ba ta fita. A duk duniya wuri ɗaya ne muryar Umma ta rage, cikin Kaka. Ranar da Abba ya sayo ƙaramin makirfo ya naɗi gwaji, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, ya sa masa suna "Gwaji". A ciki Umma take cewa:

"Malam, wai wannan abin yana jina? To ka gaya masa shayinka zai huce. Auta! Sauko daga kan teburin nan kafin in zo!"

Sai ta yi dariya, doguwa, irin wadda take ƙarewa da tari. Autar nan ni ce.

Kullum bayan la'asar Abba zai turo kekenta gaban teburin, ya kunna Kaka, su zauna su jira ta farka. Umma za ta buga hannunta na hagu a jikin keken sau biyu, alamar a sa mata. Likita ne ya ce a riƙa bari tana jin muryarta, ko Allah zai sa wata rana harshen ya tuna hanya. Abba ya yi ƙoƙarin kwashe muryar, ba sau ɗaya ba. Masu gyara suka yi ta yi masa dariya. Wannan ya ce filash ɗin yanzu Kaka ba ta gane shi, wancan ya ce manhajar da aka naɗi muryar da ita ta ɓace daga duniya, wani ya ce wayar da za a haɗa ta da ita an daina yin irinta tun yana makaranta. Yaya ta taɓa kara wayarta a jikin sifika ta naɗa, gurnanin fanka ya cinye muryar, wayar ma ta mutu, ta canza uku bayanta. Daga nan Abba ya ce kada wanda ya ƙara motsa Kaka daga inda take.

To, sai ga Injiniya ya shigo rayuwata.

Gilashin wayata ne ya fashe na kai shagonsa, a wani dogon gini mai sanyin na'ura, inda kwamfutoci suke jere sirara kamar faranti. Dogo ne, mai tsabta har ta yi yawa, farar rigarsa ba ta taɓa sanin ƙura ba. Ya gyara wayar, ya riƙe lambar. Yana da kirki, wallahi ba zan yi masa ƙarya ba, amma yana da wata kalma da ba ta barin bakinsa: "Zamaninsa ya wuce." Wayar bara, zamaninta ya wuce. Laftof ɗin da ya saya wata goma sha ɗaya da suka wuce, ya sayar, zamaninta ya wuce. Wata rana ya nuna min wata a shagon ya ce, "Kin ga wannan? Kafin a sauke ta daga jirgi an riga an fitar da wadda ta fi ta." Na yi dariya tare da shi. A raina na ce, wannan in ya shigo falonmu, mu ma haka zai ce mana.

Daga nan na fara gyara gaskiya. Da ya tambayi sana'ar Abba na ce yana harkar kwamfuta. Da ya tambayi Umma na ce ba ta da yawan magana. Ku ji fa, ba ta da yawan magana! In yana zuba min bayanin ƙwaƙwalwar na'ura da saurinta, sai in riƙa gyaɗa kai ina "haka ne, ai kuwa", alhali ko rabin abin da yake faɗa ban sani ba. Har ya fara yabona wai 'yar gidan kwamfuta ce ni, ba sai an yi min dogon bayani ba.

Gwaggo, ƙanwar Abba, ita ta ƙara wa wutar fetur. Tunda ta ji labarinsa ta tare a kaina.

"Ke Auta, buɗe kunnenki. Irin wannan yaron ba kullum yake biyowa ta layinku ba. Sa'o'inki duk sun tafi, ke kina nan kina wanke kwanuka. Ranar Asabar 'yan gidansu za su zo gaisuwa, ko ba haka ba? To wannan akwatin na babanki a falo za su same shi? Mai sayar da kwamfuta fa! Sai su ɗauka gidan tarihi suka shigo."

"Gwaggo, Abba ya ce kada a taɓa ta."

"Babanki ai haka yake, komai nasa sai ya tsufa a hannunsa. Ni dai na faɗa miki."

Ranar Talata Abba da Yaya suka tafi da Umma babban asibiti, za a kwantar da ita kwana uku a yi mata gwaje-gwajen da ake yi mata duk shekara. Gida ya rage daga ni sai Gwaggo. Da yammar ranar Injiniya ya kira ni ta bidiyo. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinki a wuya, na yafa mayafi mai ruwan hoda, na zaɓi kusurwar falon da fentinta bai ɓare ba. Ashe Kaka ta leƙo ta bayan kafaɗata.

"Tsaya, tsaya, Gimbiya," ya ce, haka yake kirana. "Matsa gefe kaɗan. Kai! Mene ne wancan? Wannan ai ta haifi kakar kwamfutocin shagona!"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Fuskata ta yi zafi kamar an watsa min ruwan tafasa. Da na ce masa, wannan ita ce muryar mahaifiyata, da shi ke nan, da yau ba ku karanta wannan ba. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Tsohuwar Abba ce. Daga sito aka fito da ita, ba a ma amfani da ita."

"To ki ba ni ita mana. Ina son irin waɗannan tsofaffin, in ga ko zan tashe ta. In gyara wa Abba ita, ya zama tsarabata ta farko."

Na ce wa kaina ai alheri ne. Za ta dawo fes, tana sauri, Abba ya daina zaman jira, Asabar kuma baƙi su same ta da kyan gani. Haka na lallashi zuciyata, ita kuma ta yarda don tana son yarda.

Laraba da safe ya zo da mota, bai shigo ba, a ƙofar gida ya tsaya. Ni da Gwaggo muka ciccibo Kaka. Muna sa ta a bayan motar wani curin ƙura ya faɗo daga ramin fankarta, ya sauka a kan baƙin takalminsa mai sheƙi. A tsakanin madannanta ga tabon shayi na shekara da shekaru, ga ɓurɓushin burodi, ga harafin da Abba ya sake rubutawa da biro don ya goge. Injiniya ya zaro hankici ya share yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Alhamis da rana ina guga, saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya, na buɗe tsohuwar. Abin da na gani ba a magana. In goge ta gaba ɗaya?"

Ni fa ƙurar nan ce a idona. Curin da ya faɗo kan takalminsa, da hankicin nan. Na ɗauka yana nufin ya sa tsumma da buroshi ya share dattin da ya tarar a cikinta, har ina tunanin ko kyankyaso ya gani. Da sauri, don a rufe maganar, na rubuta:

"Goge ta tas."

Ya sake rubutowa: "Kin tabbata? Babu abin da za a nema daga baya?"

A nan na ɗan yi shakka, ba zan ɓoye muku ba. Na tsaya da dutsen guga a hannu. Wa zai nemi ƙura daga baya? Me yake nufi? Tambaya ɗaya ce za ta warware komai: wace irin gogewa? Amma 'yar gidan kwamfuta, wadda ba sai an yi mata dogon bayani ba, ta yaya za ta yi irin wannan tambayar? Kuma ni ce na ce daga sito aka fito da ita. Sai na rubuta:

"Haba Injiniya, sai ka ce ba ni ba. Kar ka bar komai."

Ya turo hoton babban yatsa. Na ci gaba da guga, har ina 'yar waƙa.

Yau Juma'a da hantsi ya dawo da ita. Wannan karon har falo ya shigo, Gwaggo tana ta rawar jiki tana kawo ruwa da lemo a kofunan da ba a fito da su sai da baƙo. Kaka ta yi fari kamar an canza mata fata. Ya jona ta, ya danna, kafin in gyara zaman mayafina har ta farka. Babu gurnani, babu tari.

"Kin gani? Na canza fanka, na ƙara mata ƙwaƙwalwa iya abin da za ta iya ɗauka, na yi mata fomatin. Kamar yau aka haife ta."

"Fomatin," na maimaita, ina murmushi.

"Gogewar da kika ce mana. Duk tarkacen da ke ciki na share, tsofaffin takardu, tsofaffin manhajoji, komai. Ai su suka danne ta."

Na kalli allon. Hoton da ke kai shekara goma sha bakwai, ni da Yaya a kayan makaranta, babu shi, sai wani shuɗin fili. A kusurwar hagu ta sama, inda "Gwaji" yake zaune tun ina yarinya, babu komai. Kunnuwana suka toshe, ina ganin bakin Gwaggo yana motsi tana sa masa albarka.

Ga inda na fi jin kunyar faɗa muku. Ko a lokacin ban gaya masa ba. Mutumin da ya fi kowa sanin ko akwai dabara yana tsaye a gabana, hannunsa a kan Kaka, ni kuma na buɗe baki na ce, "Kai, ta yi kyau. Na gode, Allah ya saka da alheri." Na raka shi har mota, na ɗaga masa hannu. Sai da motar ta sha kwana na ruga bayan gida na yi amai.

Na dawo na zauna gaban Kaka ina dannawa kamar mahaukaciya. Na buɗe duk abin da yake buɗuwa. Ko'ina fes, ko'ina wayam. Gwaggo ta tsaya a kaina.

"Ke lafiya? Me kike nema?"

"Muryar Umma."

Ta ɗauki kofunan a hankali ta shige kicin, ban ƙara jin ɗuriyarta ba.

Da azahar suka dawo. Abba ya rame a kwana ukun nan, hularsa ta karkace, jakar magunguna a hannu. Yaya ta sauke su ta wuce gidanta. Na taya shi shigo da Umma, na canza mata kaya, na sa mata shuɗiyar rigar da take so, na ɗaura mata ɗankwali. Tana ta bina da ido. Umma ba ta magana, amma tun ina ƙarama ba na iya ɓoye mata komai, sai na riƙa sunkuyar da kai ina gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Bayan la'asar Abba ya turo kekenta falo. Yana ganin teburin ya tsaya, fuskarsa ta washe.

"Ikon Allah! Wa ya yi wa Kaka wanka? Auta, ke ce? Allah ya yi miki albarka."

Albarkar nan ta fi mari zafi. Ya zauna, ya danna, ya jingina da kujera zai fara jiran da ya saba. Sai allon ya kawo nan take. Ya ɗago a firgice. Ya matso da fuskarsa, ya gyara tabarau, ya ja linzamin kwamfutar zuwa kusurwar hagu ta sama. Ya zagaya da shi a wurin, a kan shuɗin filin nan, sau uku ko huɗu.

Umma ta buga hannunta a jikin keken sau biyu.

Na durƙusa a kan kafet. Na faɗa masa komai, tun daga kiran bidiyon har saƙon Alhamis. Ban sa sunan Gwaggo ba, don ba ita ta rubuta kalma ukun nan ba. Na so ya daka min tsawa, na so ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba. Sai kawai ya cire tabarau ya riƙe a cinya.

"Kin gaya masa abin da ke cikinta?"

"A'a, Abba."

"Ya san halin da mahaifiyarki take ciki?"

Na sunkuyar da kai.

"To," ya ce. "Ashe ba ƙurar Kaka kaɗai kika so a goge ba."

Umma ta sake buga keken, wannan karon da ƙarfi, tana kallonsa, tana kallon allon. Ta ji duk abin da na faɗa, na san ta gane, amma hannun bai daina ba. Shekara huɗu ke nan kullum a wannan lokacin take jin kanta.

Abba ya mayar da tabarau. Ya dube ni, idonsa jajur.

"Tashi ki zo nan. Kowa yana cewa muryarki irin tata ce. Kin haddace, ai. Faɗa mata."

"Abba, ba zan iya ba."

"Za ki iya. Lokacinta ya yi, ba za ta tashi haka ba."

Na ja gwiwa na matsa gefen teburin, kusa da sifikar da ba ta da abin faɗa. Na share maƙogwaro. Na ce:

"Malam, wai wannan abin yana jina? To ka gaya masa shayinka zai huce."

Abba ya juya fuskarsa ga bango.

"Auta! Sauko daga kan teburin nan kafin in zo!"

Na kira sunana da bakina, na tsawata wa kaina da kalmomin uwata. Sai na tsaya, don abin da ya rage dariyar ce. Umma ta karkato kai tana jira, kamar yadda take yi kullum in an zo wurin, gefen bakinta mai lafiya ya riga ya fara ɗagawa. Na buɗe baki, na nemi dariyar nan sama da ƙasa a cikina, abin da ya fito kuka ne.

Falon ya yi tsit, ko gurnanin fankar da muka saba babu. Sai na ji hannu a kumatuna. Umma ce ta miƙo na hagun, ta kama bakin mayafina, tana goge min fuska da shi, a hankali, gefe ɗaya sannan ɗayan, kamar ranar da na faɗo daga kan teburin nan ina ƙarama. Da ta harare ni da na fi samun sauƙi.

A nan wayata ta yi haske a kan kafet. Injiniya ne. Ban taɓa ta ba, amma farkon saƙon ya fito a saman gilashin, kuma na karanta:

"Gimbiya, tun ɗazu abin yana damuna. Kafin in goge na kunna wani abu mai suna Gwaji. Muryar wace ce, kuma me ya sa kika ce min…"

Sauran ya ɓuya. Ko ya kwashe ta ya ajiye kafin ya goge, ko ya saurara ne kawai ya danna abin da na ce ya danna, ban sani ba. Gobe Asabar, 'yan gidansu suna tafe. Wayar tana nan a cinyata, na rubuta muku duk wannan a cikinta, amma saƙon nan ɗaya na kasa buɗewa. Don kafin in tambaye shi ko muryar tana nan, sai na fara gaya masa wace ce mai ita, da dalilin da ya sa ba ta da yawan magana.